Ƙoƙunan Goggo a Rumbun Baba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Goggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji, ta rasu a Zandam da kakar nan, ana tsakiyar yankan dawa. Ban ga gawarta ba. Kafin ɗan aike ya iso Birnin Kudu, mu kuma mu sami ayarin da za mu bi, don tun da Ningawa suka matsa ba mai bin hanyar Gwaram shi kaɗai, har ƙasar kabarinta ta bushe. Ni da 'yata ta fari muka isa ana gobe sadakar bakwai.

Tun daga bakin zaure na jiyo kuka. Da matan gidan suka gan ni sai suka sabunta shi, kamar a ranar aka yi mutuwar. Matar Baffa ta zube ƙasa tana birgima tana cewa, "Wayyo uwar kowa! Wa zai yi wa 'ya'yanmu ƙoƙo kuma?" Matar wana ta riƙe hannuna ta ce, "Kin ga gidan nan? Ba ɗan da aka haifa a cikinsa da Goggo ba ta yi wa nasa ba." Inna, mahaifiyata, tana gefe da carbi, duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Ba ta haifa ba, amma ta fi mu 'ya'ya." Baba kuwa yana zaure cikin maza, idonsa ja, yana faɗa musu yadda Yaya ta goye shi lokacin da uwarsu ta rasu.

Na yarda da su, kuma raina ya yi sanyi. Na ce a zuciyata ashe dai an san darajarta, ashe ba a banza ta ƙona yatsunta shekara da shekaru ba.

Washegari da hantsi aka daka gumbar sadaka. Jama'a ta zo daga Kwandiko da Sara har da cikin Gwaram, abin zubawa ya yi kaɗan. Sai na ji Inna ta kira ƙanena ta ce, "Je ka ce wa Babanku a buɗe tsohon rumbun nan a ɗauko na ciki. Ai yanzu ba komai."

Ya dawo rungume da wani ƙaton kwando, ya dire shi a tsakar gida. Ƙoƙuna ne cike, an kifa wani kan wani. Tun kafin in matsa kusa na gane hannun da ya zana su, domin yawancinsu a gabana aka yi su, ni ce mai hura wutar. Na ɗauki na sama na juya shi. Cikinsa fari fat, ko ɗigon ruwa bai taɓa gani ba. Na ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka.

Na ce, "Inna, waɗannan fa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana mulmula gumba. Ta ce, "Na Goggonku ne mana. Da tana raye ba ma iya ba jarirai a ciki, kin san hannun wadda ba ta haihuwa. In yaro ya sha ruwan farko a abin da ta sassaƙa, shi ma haka zai tashi. Yanzu kuwa mai hannun ta tafi. Miƙo su nan."

Zan dawo kan abin da ya biyo baya. Amma bari in fara faɗin wace ce Goggo, tun da masu birgimar nan ba za su faɗa ba, ni kuma ba na so a binne labarinta yadda aka binne aikinta.

Aure uku ta yi. Na fari da na biyu duk rashin haihuwa ne ya kashe su, kuma ba ta taɓa ɓoye wannan ba. Ba irin maganin da ba ta nema ba. Ta sha saiwoyi, ta yi turare, an kai ta gun masu bori sun ci mata baƙar akuya. In tana ba da labarin sai ta yi dariya ta ce, "Rubutu kuwa na sha shi, har cikina ya fi allon malam karatu." A wajen dariyar nan ne kawai nake ganin idonta ya kawo ruwa, sai ta ce hayaƙi ne.

Mijinta na uku maƙeri ne a Birnin Kudu, dattijo, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. Ranar da ta tare ta fara shirin jiƙa wasu saiwoyi, sai ya ce mata, "Zubar da su. 'Ya'ya ina da su har sun ishe ni da rigima. Ni abokiyar hira nake nema." Ta ce mini tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa sauke mata kaya irin na ran nan. Ni Baba Maƙeri nake kiransa, Allah ya jiƙansa, shi ya ƙera mata ƙarafan zanenta duka.

Yadda ta fara zane ma ita ta ba ni labari. An yi suna a maƙwabta, ta shiga barka, mata suna ta hirar naƙuda da shayarwa, tana sallama aka yi tsit. Ba wadda ta zage ta. Shirun ne ya koro ta. Ta dawo ta zauna kusa da maƙera, ga wata sabuwar ƙwarya a hannunta, ga wani siririn ƙarfe ya yi ja a cikin gawayi. Ta zare shi ta dirka wa ƙwaryar. Ta sake, ta sake, tana huci. Da ta huce ta duba, sai ta ga layukan sun yi kyau. Takan ce, "Da fushi na fara, ƙwaryar kuwa ba ta rama ba. Shi ya sa muka shirya."

Daga nan ta shuka duma a jikin danga, kuma ban taɓa ganin wanda ya reni duma irin nata ba. Kowane ɗa sai ta yi masa gammo na ciyawa don kada gindinsa ya baje. Kullum da safe sai ta zagaya ta juya su, tana yi musu magana, wannan ta ce malalaci ne, wancan ta ce mai ci ne. Idan suka ƙosa ta fafe su, ta kankare cikin, ta shanya a inuwa. Sannan ta zauna bakin murhu da ƙarafanta a wuta, ta ɗora ƙwarya a gwiwa tana juya ta da hannun hagu. Ƙaurin ƙonannen duma shi ne warin ƙuruciyata. Har yau in na ji shi sai in waiga.

Wani lokaci takan ja ni mu je duwatsun bayan gari, inda mutanen da can suka zana shanu a jikin dutse. Sai ta tsaya ta yi ta kallo har in gaji. Ran nan na ce mata, "Goggo, wa ya yi su?" Ta ce, "Oho. Ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya san ko ya haifa. Amma ga shanunsa nan, ba su mutu ba, ba a sace su ba." Ba ta zana dabba gaba ɗaya, don Baba Maƙeri ya ce malamai sun hana, sai dai ta ɗauki ƙaho, ko sawu, ko lanƙwasar tozo, ta sa a bakin ƙwarya.

Manyan ƙore da masakai fatake ne ke saye su kai kasuwar Sara. Matan Fulani suna rububinsu su zuba nono, iyayen amare suna nema don jere. Baƙi da ba su san ta ba sun ci sun sha a aikin hannunta, ba abin da ya same su. Amma ƙananan ƙoƙunan nan ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Su na jinin gidansu ne kawai.

Da zarar an aiko daga Zandam cewa an haihu, sai ta zaunar da ɗan aiken ta tsare shi da tambaya. Mace ce ko namiji? Ana ruwa ne ko rana? Ya yi kuka da ƙarfi? Kamar wa yake? Mutum yana jin yunwa, ita kuwa sai ta gama. Sannan ta zaɓi duma. Ɗan wana da aka haifa cikin marka ta yi masa layukan ruwa suna saukowa. 'Yar Baffa da ta zo duniya da gashi cike da kai ta yi mata kitso zagaye da bakin ƙoƙon. Tagwayen matar ƙanena ta yi musu daga duma biyu na reshe guda, in ka haɗa su baki da baki zanen sai ya ɗore. Ba biyu da suka yi kama. Kuma duk hatsarin hanya da kanta take kaiwa ranar suna.

Abu ɗaya ne ba ta yi. Sabon ƙoƙo yana da ɗaci, sai an jiƙa shi da ƙasari ya kwana biyu kafin a sha a ciki. Goggo ba ta jiƙawa. Takan miƙa wa mai jego ta ce, "Na yi nawa, saura naki. Ɗacin ƙoƙo uwa ce ke cire shi." Su kuma su karɓa da hannu biyu, har da durƙuso, suna cewa Allah ya bar mana ke.

Idan ta sake zuwa bayan wata da watanni takan tambaya, "Ina ƙoƙon wane?" Sai a ce, "Wayyo Goggo, akuya ta taka shi." Wani zuwan kuma a ce yara sun fasa, amma akuya ta fi yawa. A hanyarmu ta komawa sai ta ce, "Akuyoyin Zandam dai sun fi na ko'ina ƙafa." Ni kuwa in yi ta dariya, don na ɗauka wasa take yi.

Kada a ce na mai da ita waliyiya. Goggo tana da baki, kuma ba ta barin ta kwana. Wata maƙwabciya ta taɓa ce mata juya a bakin rijiya, a kan wa zai fara jefa guga. Goggo ta gama jan ruwanta tsaf, ta ɗora tulu a ka, sannan ta ce, "Juya ce, gaskiyarki. Amma juya ba ta taɓa haifar ɓarawon kaji ba." Kowa a unguwar ya san ɗan matar nan, sai da aka shekara ana maimaita maganar. Ni ma na sha ranƙwashi a hannunta. Ranar da na bar wata ƙwarya da ba ta gama ba a rana har ta tsage, yini guda ba ta yi mini magana ba, da yamma kuma ta dama mini fura da zuma ta ce in sha in daina kumbura mata fuska.

An kai mata ni ne yaye, aka ce ta riƙe. Ta ce daren farko na yi ta kuka har ta rasa yadda za ta yi, sai ta ba ni nononta. "Kika tsotsa kika ji ba komai, kika gantsara mini cizo. Na ce to, yau dai an cije ni kamar kowace uwa." A ƙoƙon da ta zana na sha kunu, a ƙwaryarta na ci tuwo, a hannunta na girma. Ita ta yi mini jere, ƙore tun daga ƙasa har kusa da jinka, mata suna zuwa kallo daga wata unguwa.

Faɗan da na san ta yi da Baba ɗaya ne, kuma a kaina ne. Da na sami cikin fari, kowa ya san gidan da aka riƙe yarinya nan take zuwa goyon ciki. Goggo ba ta ce wa kowa komai ba, sai ta fara tara itacen wankan jego. Ta bi daji da kanta, tana jawo gungume, har tulin ya kai tsayin danga. Ta sayi ƙatuwar tukunya. Ta je wajen tsofaffi tana tambayar yadda ake dama kunun kanwa da irin ganyen da ake wanka da shi, ita da ba ta iya neman shawarar kowa. Ciki ya tsufa, sai ga Baba da jaki ya zo ɗaukata zuwa Zandam.

Ina daga ɗaki ina jin su. Ta ce, "Ni na yaye ta, ni na aurar da ita. Yau ne na zama baƙuwa?"

Ya ce, "Yaya, ba haka ba ne. Mata sun ce wadda ba ta taɓa naƙuda ba, in abu ya rikice..."

Ta ce, "Ƙarasa mana. Na goye ka kana zawo a bayana, ban taɓa naƙudarka ba, ka mutu?"

Duk da haka bai fasa ba. Na yi kuka na ce ba ni zuwa, ita ce ta shigo ta ɗaure mini kayana ta ce, "Tashi ki bi ubanki. Ba za a ce na raba ki da albarka ba." Itacen nan kuwa ba ta ba kowa ba, ba ta kuma dafa abinci da shi ba. Da shi ta riƙa gasa ƙarafanta, ya kai ta shekaru. Ƙoƙon farko da ta zana da wutarsa shi ne na 'yata.

Ta kawo shi ranar suna, ƙafafunta a kumbure. Ban taɓa ganin ta yi aiki kamarsa ba. Ta yi masa zanen itace a jere, gungume kan gungume, zagaye da gindinsa, a sama kuma ɗan ƙaramin wata. Inna ta karɓa da hannu biyu. Bayan Goggo ta koma na ce a kawo mini in ba yarinya dauri a ciki, aka ce yana jiƙe. Na sake tambaya, aka ce bai gama fitar da ɗaci ba. Ana gobe zan gama wanka aka ce akuya ta taka shi. Na yi kuka sosai, kuma da na koma Birnin Kudu na faɗa wa Goggo. Ta dubi wuta ta ce, "Har da naki?"

Da Baba Maƙeri ya rasu ta gama takaba, gidan ya zama na 'ya'yansa. Na roƙe ta ta zauna a wurina, ta ce ba ta zama gidan suruki tana da ƙane a raye. Ta koma Zandam, aka ba ta wani ɗaki can ƙurya, yana kallon tsohon rumbun Baba, wanda gefensa ya ɓule aka toshe da zana. A can ta yi musu daka, ta yi musu reno, duk uwar da za ta tafi gona ita take jefa wa ɗa. Tuwon da ta tuƙa sun ci, ba su ce hannun juya ba ne. Kuma duk haihuwar da aka yi, ta zana ƙoƙo ta bayar, ko da idonta ya yi rauni tana bin layin da ɗan yatsa.

Zuwana na ƙarshe na ji hannunta yana ƙanshin man kaɗe, ga shi jikinta a bushe. Na ce, "Goggo, ina kike kai man da nake aiko miki?" Ta ce, "Yarana nake shafa wa, kada su tsattsage." Na ɗauka jikokin gidan take nufi.

To, ga ni durƙushe gaban kwando ranar sadakar bakwai, Inna tana cewa in miƙo. Ban miƙa ba. Na shiga fito da su ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a tabarma. Sai na lura ba a watse suke ba. An kifa su ne bi da bi, na manya a ƙasa, na ƙanana a sama, yadda aka haife su. An barbaɗa toka a gindin kwandon saboda gara. Bayan kowanne yana sheƙi, da na kai hanci sai na ji man kaɗe. Waɗanda suka tsage an ɗinke su, kuma ɗinkin ba na gyartai ba ne, na Goggo ne, don ita kaɗai ke ƙona ɗan ɗigo a ƙarshen tsaga wai kada ta ci gaba.

Ashe ta sani. Ta gan su ta ɓular nan, ta riƙa shiga tana gyara su, ta fito ta wanke hannu ta karɓi jaririn wadda ta ce mata akuya ta taka.

Na miƙe na tafi bakin zaure, abin da ban taɓa yi ba, na tsaya daga bayan bango na ce, "Baba, mace ba ta leƙa rumbun miji. Wa ya zuba su a ciki?"

Can ya taso ya zo kusa, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Zaman lafiya na nema. Ungozoma ce ta faɗa tun haihuwar wanki, mata suka tsorata. Cewa suka yi a fasa, ni na hana. Ban fasa ko ɗaya ba."

Na ce, "Ka san ta gani?"

Ya ce, "Wata rana na buɗe, na tarar an jera su."

"Sai ka ce mata me?"

"Ba ta yi maganar ba, ni ma ban yi ba."

Wannan ne mutumin da jiya yake faɗa wa jama'a yadda ta goye shi. Ubana ne, ba zan ɗaga masa murya ba, amma na ji wani abu ya mutu a tsakaninmu a bakin zauren nan, kuma har yanzu bai tashi ba.

Na koma cikin gida na ce, "Inna, ni fa? A ƙoƙonta na sha tun daga yaye, ga ni na haifa har na gaji."

Ta ce, "Ke ai an riga an ba ki ruwan farko a nan. Kuma don wa muka yi? Don ku muka yi. Da mun bar 'yarki ta sha..."

Sai ta tsaya, don ta tuna. 'Yata tana zaune a gefen turmi. Ta yi shekaru a gidan miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, dangin mijin sun fara yi mata irin shirun da aka yi wa Goggo. Yarinya ce mai kunya, ba ta magana cikin manya. Amma ran nan ta ɗago ta ce, "Kaka, kun ɓoye ƙoƙona, ban sha ba. To ni wa ya taɓa ni?"

Matar Baffa, mai birgimar jiya, ta shiga gyaran ɗankwali.

Na hana a zuba gumba a cikinsu. Na ce abin da bai isa jariri ya sha a ciki ba tana raye, ba za a raba sadakarta a ciki ba tana kabari, su nemi ganye su ƙunsa. Sannan na riƙa ɗauka ina kiran mai shi, don na san na kowa. Na aika wa ɗan wana mai layukan ruwa, yanzu har ya yi gemu. Na miƙa wa 'yar Baffa mai kitso, tana goye da nata ɗan. Wasu sun karɓa suna juya shi a hannu, ba su taɓa sanin an yi musu ba. Wasu sun dubi iyayensu mata, suka noƙe hannu. Tagwayen nan ɗaya ya rasu tun yana rarrafe, mai ran ta karɓi duka biyun ta haɗa su baki da baki, ta fashe da kuka. A duk kukan da aka yi a gidan nan, shi kaɗai na yarda da shi.

Na 'yata yana can wajen tsakiyar kwando. Ya fi sauran sheƙi, an fi shafa shi. Itacen jegona yana nan a jere, gungume kan gungume, da ɗan watan a sama.

Kowa ya san uwa ba ta kula ɗan fari a gaban mutane. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa miƙa mata abu da hannuna ana kallo ba. Ran nan na je randa na ɗebo ruwa a ƙoƙon, na ratsa tsakiyar mata, na durƙusa a gabanta na kai mata baki, yadda ya kamata in yi tun tana cikin tsumma.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sa kabarinta ya fi mata ɗakin ƙuryar nan yalwa, ya ba ta a can abin da ya hana ta a nan. Su kuwa na gida, an ce in yafe, kuma ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi, amma ba zan yi ƙarya in ce na yi ba.

'Yata ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Ba a taɓa jiƙa ƙoƙon ba, uwar da za ta cire masa ɗaci ba a ba ta shi ba. Ta ce a hankali, "Da ɗaci."

Na ce, "Na sani. Shanye."

Ta riƙe shi da hannu biyu, ta shanye.